James Clerk Maxwell: Ɗan Ƙauyen da Ya Auna Launuka

Duk wanda ya zauna ajin Fiziks a cikinmu ya ji sunan Maxwell wajen lantarki da maganaɗisu. Aikinsa a kan launi ne ba a cika ba mu labarinsa ba.

An haife shi a birnin Edinbara na ƙasar Sikotlan a 1831, amma a karkara ya tashi. Mahaifiyarsa ta rasu yana da shekara 8. Da aka kai shi makaranta a birni, ya je da tufafi da harshen ƙauye, sai yara suka laƙaba masa suna mai nufin dolo. Mu da muka sha yi wa juna irin wannan mun san yadda laƙabi yake bin mutum. To, wannan dolon ne ya rubuta takarda kan lissafi yana da shekara 14, aka karanta ta gaban manyan masana a 1846.

Kafin shi, Thomas Young ya yi hasashen cewa ido yana da masu karɓar launi iri uku. Maxwell ya ɗauki awo. Yakan jera takardu masu launi bisa faifai, ya murza shi kamar katantanwa har su saje, ya rubuta yawan kowanne. Daga nan ya zana alwatika: ja, kore da shuɗi a kusurwoyi, sauran launuka a ciki. A 1861, tare da mai ɗaukar hoto Thomas Sutton, ya nuna wa jama'a a Landan hoton wani ƙyalle da launukansa. Talabijin da kwamfuta da wayar hannu duk bisa wannan dabara suke tafiya.

Abin da ya fi burge ni, shi da kansa ya gano iyakarta. Awonsa ya nuna wasu launukan bakan gizo suna faɗawa wajen alwatikar. Taswirar gani da masana suka fitar a 1931 ta fito da siffar kofaton doki, kuma ba alwatikar da za a zana cikin kofato ta cika shi. Ma'aunin sRGB, wanda HP da Microsoft suka kawo a 1996, bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na taswirar ba. Tsantsar launin nan da ke tsakanin kore da shuɗi, ido yana ganinsa, allon ba ya iya fitar da shi.

Maxwell ya zama shugaban farko na ɗakin binciken Cavendish a Kambirij a 1871. Ya rasu a 1879 yana da shekara 48, da ciwon dajin ciki, irin wanda ya ɗauke mahaifiyarsa.