Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Neman Magani

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, an haifi Muhammadu Bello a shekarar 1781, ɗa ne ga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ya yi karatu a gaban mahaifinsa da baffansa Abdullahi, shi ya gina birnin Sakkwato a 1809, aka yi masa mubaya'a a 1817.

Mu mutanen ƙasar Maraɗi mun fi saninsa ta fuskar yaƙi, domin kakanninmu Katsinawa sun gwabza da shi, kuma a Gawakuke, a 1836, Sarki Rauda ya faɗi a gaban rundunarsa. Wannan tarihi ne, ba mu ɓoye shi ba. Amma akwai wata fuska tasa da ba a cika ambata a masallatanmu ba, wato ilimin magani.

Duk da nauyin mulki, Bello ya wallafa littattafai da Larabci a kan ciwon ido, da basur, da ciwon ƙoda, da tsutsar ciki, ya kuma keɓe risala guda ga filasko, ganyen nan mai wanke ciki da ke fitowa a bayan garuruwanmu. Ya karanci magungunan da suka zo a Sunna da littattafan likitocin Musulunci na da, ya nemo wa jama'arsa abin da hannunsu zai kai gare shi. Da Baturen nan Kilafatan ya iso Sakkwato a 1824, Bello ya aika wa Sarkin Ingila wasiƙa, ya kuma tambayi Kilafatan ko Sarkin zai aiko masa da likita. Bai ɗauki karɓar ilimin warkarwa daga baƙo a matsayin aibi ba.

Hanyar nan ta ci gaba da ba da amfani. A 1972 wata masaniya a ƙasar Sin, Tu Yuyu, bayan ta bi tsoffin littattafan maganin ƙasarta, ta fitar da maganin zazzaɓin cizon sauro daga wani irin tazargade. Maganin makantar rafi kuwa daga ƙwayar halitta ta cikin turɓayar Japan aka samo asalinsa, kuma da taimakonsa Nijar ta zama ƙasa ta farko a Afirka da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida ta rabu da cutar, a 2025. Tsargiya fa? Yaron da ya yi wanka a ruwan kwance irin na tafkin Madarumfa yana iya komawa gida da fitsarin jini, kuma kusan ƙwaya iri ɗaya tak duniya ta dogara da ita wajen maganinta. Littattafan Bello suna nan a ma'ajiyar Sakkwato da Kaduna, kuma a ganinmu sun cancanci malami mai Larabci da masanin haɗa magunguna su zauna a kansu tare.

Bello ya rasu a Wurno a 1837, bayan shekara 20 yana mulki, can aka yi masa sutura. Allah Ya jiƙansa, amin.