Taƙaitaccen Tarihin Arthur Phillip, Madugun Jiragen Fursunoni

A wannan ɗan rubutu zan kawo tarihin mutumin da ya ja ayarin farko na jiragen ruwan da suka kai fursunonin Ingila ƙasar Ostireliya.

An haifi Arthur Phillip a birnin Landan a shekarar 1738. Mahaifinsa Bajamushe ne, malamin koyar da harsuna. Tun yana matashi ya shiga aikin jirgin ruwa, daga baya ya zama hafsan sojan ruwa, har ya taɓa yi wa ƙasar Fotugal aiki.

Da Amurka ta sami 'yanci, sai Ingila ta rasa inda za ta riƙa jibge masu laifi. Gidajen yari suka cika maƙil, har ana tsare mutane a tsofaffin jirage a kogin Thames. Daga nan aka naɗa Phillip ya je ya kafa musu sansani a Ostireliya.

Ranar 13 ga Mayu, 1787 ya tashi daga Portsmouth da jirage 11, ɗauke da fursunoni fiye da 700. Ya yada zango a Tenerife da Rio de Janeiro da Cape Town, yana sayen nama da kayan marmari domin kare mutanensa daga cuta. Bayan wata takwas suka isa, ba su rasa ko mutum 50 ba. Ranar 26 ga Janairu, 1788 ya sauka inda birnin Sydney yake a yau. Da yunwa ta matsa, ya sa aka raba abinci daidai wa daida, da hafsa da fursuna.

Na ƙara ganin ƙimarsa da na duba ayari na biyu na 1790. Shi wannan 'yan kwangila aka ba, masu fataucin bayi, kuma kuɗinsu na nan ko fursuna ya isa da rai ko bai isa ba. Fiye da 250 suka mutu a hanya.

Sai dai ƙasar da ya sauka tana da masu ita. An mamaye musu filaye, kuma a 1789 cutar agana ta hallaka da yawansu. Phillip ya bar Ostireliya a 1792, ya rasu a garin Bath a 1814. A ganina, duk mai ba da labarinsa ya kamata ya ambaci fursunonin da ya ceta, ya kuma ambaci mutanen da zuwansa ya raba da ƙasarsu.