Blaise Pascal, Mai Lissafin Abin Da Bai Faru Ba Tukuna

An haifi Blaise Pascal a garin Clermont na ƙasar Faransa ran 19 ga watan Yuni, 1623. Yana da shekara uku uwarsa ta rasu. Ubansa, wanda shi ma gwanin lissafi ne, bai sa shi makaranta ba, shi da kansa ya karantar da shi a gida. A 1642 yaron ya ga uban yana shan wahalar lissafin haraji a birnin Rouen, sai ya shiga ƙera masa na'ura mai tarawa da ɗebewa.

Amma abin da ya sa muka kawo labarinsa a 1654 ya faru. Wani ma'abocin caca, Chevalier de Méré, ya kawo masa wata tsohuwar tambaya. Ga misalinta. Mutum biyu sun zuba zinariya 32 kowanne, bisa sharaɗin wanda ya fara cin wasa uku shi zai kwashe duka 64. Na fari ya ci biyu, na biyu ya ci ɗaya, sai wani dalili ya tsai da wasan. To, yaya za a raba kuɗin ba tare da an zalunci kowa ba?

Tun 1494 wani malamin Italiya, Luca Pacioli, ya ga a raba gwargwadon abin da kowa ya riga ya ci. Pascal bai yarda ba. Ya rubuta wa Pierre de Fermat, masanin shari'a a birnin Toulouse, suka yi ta musayar takardu. Suka ga abin dubawa shi ne abin da ya rage, ba abin da ya wuce ba. Wasa biyu ne suka rage a yanke hukunci, kuma hanya huɗu ce za su iya ƙarewa: na fari ya ci duka biyu, ko ya ci na farko kaɗai, ko na ƙarshe kaɗai, ko ya faɗi duka. A hanya uku na fari ne ke kwashewa, a ɗaya tak na biyu. Saboda haka na fari ya karɓi 48, na biyu 16.

Wannan shi ne tushen lissafin yiwuwa. Watau a ƙidaya dukan hanyoyin da abu zai iya faɗawa, muddin babu wadda ta rinjayi wata, sa'an nan a ƙidaya waɗanda a ke nema a cikinsu. Abin da ba ya yiwuwa sifiri ne, tabbataccen abu ɗaya ne, sauran duka suna tsakani. A 1657 Christiaan Huygens, mutumin Holanda, ya buga littafi a kan wannan ilmi.

Kada mai karatu ya zaci yabon caca mu ke yi. Lissafin nan da kansa ya nuna cewa mai gidan caca ya tsara wasan yadda komai daɗewa shi ne da riba. Amfanin ilmin kuwa yana wajen likitoci masu gwada magani, da ma'aikatan inshora, da masu duban yanayin sama.

Daga ƙarshen 1654 Pascal ya mai da hankalinsa galibi ga addininsa na Kirista. Ya daɗe yana fama da rashin lafiya, har ya mutu a birnin Paris ran 19 ga watan Agusta, 1662, yana da shekara 39.

Ya kamata malaman makaranta su gwada ɗalibansu da tambayar nan kafin su faɗa musu amsa. Da yawa za su ce a raba biyu da ɗaya, kamar yadda Pacioli ya ce.