Arthur Clarke: Mutumin da ya zana hanyar taurarin sadarwa bai ci ribarta ba

Duk wanda ke sayar da kayan lantarki a kasuwar Maraɗi, ko Birnin Ƙonni, ko Illela, ya san cewa in aka kafa farantin talabijin, wanda wasu ke kira parabol, aka saita shi sau ɗaya aka ɗaure, to an gama. Rana tana tafiya, wata yana tafiya, amma tauraron ɗan adam da farantin ke kallo yana nan wuri guda kamar an buga masa ƙusa. Wanda ya fara bayyana wa duniya yadda za a yi amfani da wannan wuri don sadarwa wani Bature ne ɗan Ingila, sunansa Arthur Clarke.

An haife shi ranar 16 ga Disamba 1917 a garin Minehead na bakin teku, ya kuma tashi a gona. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara 13, ya bar uwarsu da ƴaƴa huɗu, shi ne babba. Tun yana yaro yake harhaɗa madubin hangen nesa da kansa don kallon wata. Da ya gama sakandare babu kuɗin jami'a, sai ya tafi Landan a 1936 ya kama aikin gwamnati na binciken lissafin kuɗi. A can ya riƙa zama da wata ƙungiya ta masu sha'awar tafiya sararin samaniya, a lokacin da mutane ke ɗaukar irin wannan magana tatsuniya.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya sauya masa hanya. A 1941 ya shiga rundunar sojan sama ta Ingila, inda ya yi aiki da na'urar rada wadda ke taimaka wa jirage sauka cikin hazo ko duhu. Nan ya fahimci halin igiyoyin rediyo masu ɗaukar hoto: miƙe suke tafiya, ita kuwa duniya zagayayya ce, don haka ba sa nisa sai an jera dogayen hasumiya suna miƙa wa juna saƙo. A tsakiyar teku kuwa babu wurin kafa hasumiya.

A watan Oktoba 1945, yana da shekara 27, ya buga wata ƴar maƙala a mujallar Wireless World. Lissafinsa shi ne: abin da ke kewaya duniya a kusa yana gama zagaye cikin minti 90, wata kuwa da ke nesa yana ɗaukar wajen kwana 27. Ke nan tsakaninsu akwai wani nisa da zagaye ɗaya zai zo daidai da kwana ɗaya. Wannan nisa kilomita kusan dubu 36 ne, saman layin da ya raba duniya biyu. Tauraron da aka ajiye a can yana gudun kimanin kilomita 3 a daƙiƙa, amma da yake tafiyarsa ta zo ɗaya da juyawar ƙasa, mai kallo daga ƙasa zai gan shi tsaye. Guda ɗaya yana hango fiye da kashi ɗaya cikin uku na doron ƙasa. In aka jera uku da tazara iri ɗaya suna miƙa wa juna saƙo, sun game duniya, ban da ƙuryar arewa da ta kudu masu ƙanƙara.

Ba shi ne ya fara gano wannan da'ira ba. Wani injiniya mai suna Herman Potocnik ya yi bayaninta tun ƙarshen shekarun 1920. Abin da Clarke ya ƙara shi ne tsara ta a matsayin hanyar rediyo da talabijin ga duniya baki ɗaya. Ya kuma yi zaton sai an zaunar da ma'aikata a can sama suna sauya ƙwayayen rediyo na gilashi in sun ƙone. Ƙirƙiro taransista a 1947 ya kawar da wannan buƙata.

Da farko ba a kula da maƙalar ba, domin babu rokar da za ta kai can. Clarke ya koma karatu, ya sami digiri a lissafi da kimiyya a King's College ta Landan a 1948, ya duƙufa kan rubuta littattafai. Rasha ta harba Sputnik a 1957. A 1964 Amurka ta ajiye Syncom 3 a daidai da'irar da ya zana, aka kuma watso wasannin Olamfik na Tokyo ta kansa zuwa Amurka. A 1965 aka harba Early Bird, na farko da aka yi don kasuwanci. Zuwa 1969 kamfanin Intelsat yana da taurari saman tekun Atlantika, da Fasifik, da tekun Indiya, kusan yadda ya tsara shekara 24 baya.

To a nan ne ɗan kasuwa zai yi tambaya: shi me ya samu? Clarke bai yi rajistar mallakar wannan tunani ba, ladan rubutu kawai mujallar ta biya shi, harkar kuwa ta zama ta biliyoyin daloli. Sai dai ko da ya yi rajista, wa'adinta zai ƙare kafin a fara cinikin, domin hajar ta riga kasuwarta zuwa da shekara 20. Abincinsa daga alƙalami ya fito. Fim ɗin 2001: A Space Odyssey da suka yi tare da Stanley Kubrick a 1968 ya kai sunansa ko'ina.

Tun 1956 ya koma zama a tsibirin Silon, wanda ake kira Siri Lanka yanzu, saboda son nutso cikin teku. Cutar shan inna ta kama shi a 1962, daga baya ta sa ya ƙare rayuwarsa a keken guragu. A 1975, lokacin da Indiya ta yi gwajin aika darussan noma da kiwon lafiya ta tauraro zuwa ƙauyuka kimanin 2,400, ta ba shi kyautar faranti aka kafa a gidansa na Kolambo. Irin wannan amfani ga ƙauyukan da waya ba ta kai ba shi ne abin da ya daɗe yana hanƙoro. Ya rasu ranar 19 ga Maris 2008 yana da shekara 90.

Yau ana kiran wannan da'ira da sunansa, ɗaruruwan taurari kuma suna jere a cikinta. A can Nilesat da Arabsat suke, da tauraron tarhon Thuraya da direbobin hamadar Agadas ke dogaro da shi. A can Najeriya ta kai NigComSat-1 a 2007, ya lalace a 2008, aka maye gurbinsa a 2011. Da yake ƙasashenmu suna kusa da tsakiyar duniya, farantinmu yakan ɗaga kai sama fiye da na Turai. Ɗan jinkirin da ake ji a tarhon tauraro kuwa saboda tsawon hanyar ne, sama da kilomita dubu 70 zuwa da dawowa. Hatta matasa masu wasan kwamfuta na tuƙa kumbo, irin Kerbal Space Program, in za su kafa hanyar sadarwa da taurari ukun nan suke farawa.