Bishop Samuel Ajayi Crowther: Bawan da Ya Zama Makiyayi

An haifi Ajayi a Osogun, ƙasar Yarabawa, wajen 1809. A 1821 mahara suka kama shi suka sayar da shi. A 1822 sojojin ruwan Ingila suka tare jirgin bayin, suka sauke shi a Saliyo. A can ya karɓi Almasihu, aka yi masa baftisma a 1825.

An naɗa shi fasto a 1843. Ya jagoranci juya Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci, ya kuma kai bishara Onitsha da Lakwaja. A 1864 aka keɓe shi bishop a Kantabari, ɗan Afirka na farko da ya riƙe wannan matsayi a Ikkilisiyar Anglika.

Da ya tsufa, waɗansu matasan Turawan mishan suka zargi ma'aikatansa, suka dakatar da su, suka raina ikonsa. Duk da haka bai juya wa ikkilisiya baya ba har ya rasu a Legas ranar 31 ga Disamba 1891.

Mu ma za a iya raina hidimarmu, har a cikin gidan Allah. Bari mu jimre kamarsa, gama Ubangiji ne ya kira mu.