Robert Boyle, mai auna iska da ya ji tsoron Allah

Karatu: Romawa 13:7

Kowane yaro a Zangon Kumasi da ya taɓa toshe bakin famfon keke da yatsa ya danna, ya san iska tana turjewa. Wanda sunansa ya manne wa wannan sani bawan Almasihu ne.

An haifi Robert Boyle a Lismore, ƙasar Ayilan, a 1627, ɗan babban attajiri mai sarauta. Yana ɗan shekara 13 a birnin Janeba, hadiri mai tsawa ya tashe shi cikin dare. Ya ɗauka ranar shari'a ce ta zo, ga shi bai shirya ba. Daga nan ya miƙa ransa ga Ubangiji.

A Oksfod, shi da mataimakinsa Robert Hooke suka ƙera famfon zuƙe iska. Suka riƙa zuba zaiba cikin lanƙwasasshen bututun gilashi mai toshe a gefe ɗaya, suna auna iskar da ta maƙale. Idan matsin ya ninka biyu, wurin da iskar ta cika sai ya koma rabi. Ya buga wannan a 1662. Shi ne ɗalibai ke haddacewa da sunan dokar Boyle.

To, amma ba shi ya fara lura ba. Richard Towneley da likita Henry Power sun riga shi a 1661. Boyle yana da kuɗi da suna, da ya yi shiru, wa zai ja da shi? Bai yi shiru ba, ya rubuta sunan Towneley cikin littafinsa. Power kuwa bai sami rabonsa na yabo ba, wannan kam giɓi ne. Daga baya wani firist a Faransa, Edme Mariotte, ya bayyana abu ɗaya, shi ya sa Faransawa suke kiran dokar da sunansa.

Boyle ya koyi Ibrananci da Helenanci domin ya karanta Littafi Mai Tsarki a harsunansa na asali. Ya kashe dukiya a buga shi cikin harshen Ayilan, da Bisharu cikin harshen Malay. A 1680 aka zaɓe shi shugaban ƙungiyar masana ta Royal Society, ya ƙi, gama lamirinsa bai yarda da rantsuwar kama aiki ba.

Bai yi aure ba. Ya zauna a gidan yayarsa Katherine a Landan, ya rasu ran 31 ga Disamba 1691, kwana takwas bayan rasuwarta. Cikin wasiyyarsa ya bar kuɗi domin a riƙa yin lacca kowace shekara ana kāre bangaskiyar Kirista.