Alhaji Adamu Halilu (1936-2001): Rayuwarsa da Ayyukansa

Gabatarwa

Idan ana maganar tarihin wasan kwaikwayo na Hausa, ɗalibai sun fi saurin tuna waɗanda su ka bar littattafai, kamar Shu'aibu Makarfi, mawallafin Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, waɗanda a ka buga a 1959 da 1960. Amma akwai wani rukunin marubuta da ba a cika ambatonsu ba, domin rubutunsu ba ya isa hannun mai karatu, sai dai ya rikiɗe ya zama hoto a jikin farin ƙyalle. Waɗannan su ne masu tsara labarin fim, kuma a ƙasar Arewa Alhaji Adamu Halilu yana cikin na gaba-gabansu. Manufar wannan maƙala ita ce ta kawo tarihinsa a taƙaice, ta kuma duba abin da mai sha'awar wannan sana'a zai ƙaru da shi.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Adamu Halilu a shekarar 1936 a Garkiɗa, cikin ƙasar Adamawa. Ya tashi a lokacin da majigi ke tashe. Gwamnati kan aika da mota ƙauye-ƙauye, a kafa ƙyalle a dandali ko a ƙofar fadar hakimi, bayan sallar isha'i a nuna wa jama'a hotunan noman auduga da gyaɗa da tsabtar gida, mai bayani kuma yana fassarawa da lasifika. A birane kuwa akwai gidajen silima, waɗanda galibi Kwarori ke riƙe da su, inda a ke nuna finafinan Amurka da Ingila, daga baya na Indiya su ka mamaye.

Ya tafi London da Rum, inda ya koyi fannoni biyu, watau tsara labarin fim da kuma tace hoto. Haɗuwar waɗannan biyu a hannun mutum guda ba ƙaramin abu ba ne. Mai tacewa shi ne ya ke ganin abin da a ka ɗauka ya tashi a banza, saboda haka in ya zauna rubutu ya san abin da bai kamata ya sa a wahala wajen ɗauka ba.

Ayyukansa na Farko

Ya yi aiki a sashen shirya finafinai na gwamnati, inda ya yi finafinan bayani da na wayar da kai kimanin 70. Daga cikin na farko-farko akwai Mama Learns a Lesson na 1963, wanda ya shafi kiwon lafiya. Wannan irin aiki makaranta ce mai tsanani. Mai kallon majigi ba kuɗi ya biya ba, a tsaye ya ke a fili, ga hayaniyar yara, in labari ya gundure shi sai ya kama hanyar gida. Dole ne marubuci ya sa saƙon hukuma cikin labarin mutanen da mai kallo zai gane, ya kuma bari hoto ya yi rabin bayani.

Fim ɗin Shaihu Umar

Aikin da ya fi fito da sunansa shi ne Shaihu Umar na 1976. Asalinsa littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, ɗaya daga cikin waɗanda su ka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, a ka buga shi a 1934. Mervyn Hiskett ya fassara shi da Ingilishi a 1967, sannan Umaru Ladan da Dexter Lyndersay su ka mayar da shi wasan dandamali, wanda a ka buga a 1975. Umaru Ladan ɗin ne kuma ya fito a matsayin Shaihu Umar a fim.

A nan ne a ke ganin wuyar wannan sana'a. Littafin ƙarami ne, kuma Shaihu ne da kansa ya ke ba almajiransa labari a Rauta. Da jimla ɗaya mawallafi zai raba yaro da Kagara, da wata jimlar ya ƙetare da shi Sahara tare da Abdulkarim Balarabe. Mai tsara fim ba shi da wannan sauƙi. Sai ya yanke shawarar wace rana daga cikin tafiyar za a nuna, wa zai yi magana, me za a gani a bayansa, raƙuma nawa za a nema. Makircin da fadawa su ka ƙulla wa Makau, da wahalar uwar Umar wadda ta bi sawun ɗanta har ta faɗa cikin bauta, duk sai an mayar da su zance da motsi, tun da yake ba a ɗaukar hoton abin da ke cikin zuciya. Fim ɗin ya riƙe tsarin malami da almajiransa, ya kuma kai tsawon minti 142, da harshen Hausa.

Bayansa ya yi Kanta of Kebbi a 1978, a kan Muhammadu Kanta na ƙarni na 16, da Moment of Truth a 1981. Ya kuma riƙe shugabancin Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wadda a ka kafa da dokar 1979.

Sha'anin Kuɗi da Kasuwa

Gwamnatin Tarayya ce ta ɗauki nauyin Shaihu Umar. Wannan ya ba shi damar yin babban aiki wanda ɗan kasuwa ba zai zuba wa kuɗi ba a wancan lokaci, amma kuma ya zo da illarsa. Fim ɗin da ma'aikata ta biya kayan ma'aikata ne, ba wanda cinsa da shansa ya rataya a kan yawo da shi gidajen silima. Ta haka ne ya shige ɗakin ajiya, har a ka ɗauka ya salwanta. Da masu bidiyo su ka fara a Kano da Turmin Danya a 1990, kasuwa ce ta riƙe su, kuma da yawansu ba su taɓa ganin aikin magabacinsu ba.

Rasuwarsa

Allah ya yi masa rasuwa a shekarar 2001. Bayan shekara 15, watau a 2016, a ka gano faifan Shaihu Umar a ma'ajiyar Hukumar Finafinai, bisa ƙoƙarin Didi Cheeka da abokan aikinsa. Cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, a ka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018.

Kammalawa

Abin da rayuwar wannan bawan Allah ta nuna wa mai son rubuta fim shi ne, sana'ar koyonta a ke yi, kuma adabinmu na Hausa yana da labaran da za su ɗauki fim in an san yadda za a sarrafa su. Haka kuma wajibi ne marubuci ya san wanda zai mallaki aikinsa da inda za a adana shi. Ya kamata wannan sashe namu ya nemi rubutattun tsare-tsaren irin waɗannan finafinai ya ajiye, a riƙa nazarinsu kamar yadda a ke nazarin Jatau Na Kyallu. Allah ya jiƙan Alhaji Adamu Halilu, ya gafarta masa, amin.